Ranar Da Na Bar Pelin A Jirgi

"Mama, Kawu Koray namu ne, ko aronsa muka yi na cikin jirgi kawai?"

Pelin ce ta jefo tambayar, baki dumu-dumu da zuma, a teburin karin kumallo, a gaban mutumin da take magana a kansa. Shekarunta shida, kuma har yau ba ta koyi magana ƙasa-ƙasa ba. Matar da ke teburin kusa da namu ta ajiye cokali ta gyara zama. Ni kuwa shayi ya sarƙe ni.

"Ci ƙwanki," na ce.

"Na cinye. Kaka ta ce in kin yi hankali zai zama namu. Wane hankalin za ki yi?"

Inna, mahaifiyata, ta ɗaga kai ta hau kallon fitilun ɗakin cin abincin kamar yau ta fara ganin lantarki. Koray ya yi dariya har sai da ya cire tabarau ya goge ido.

"Pelin Hanim," ya ce, don haka yake kiranta, kamar wata babbar mace mai ofis, "wata takwas ke nan ina neman amsar nan. In kin riga ni samu, ki sammini."

"To," ta ce, ta ci gaba da lasar yatsa.

Ku da kuka daɗe kuna bina a wannan shafi kun san yadda muka zo nan. Wadda ta shigo yau kuma, sunana Nihal, shekaruna ashirin da tara, ina aiki a wani kantin magani a garin Aydin na ƙasar Turkiyya. Shekara uku ke nan da rabuwata da Volkan, baban Pelin. Kotu ta ba ni riƙonta, shi kuma bai taɓa haƙura ba. Ya sake shigar da ƙara, za a zauna a watan Disamba. Lauyata ta gaya min ƙarara: "Nihal Hanim, daga yau har ranar, kada ki ba shi ko zare ɗaya da zai ja." Da ƙyar ya sa hannu a takardar bizar yarinyar. Yana miƙo min biro ya ce, "Kika ɗauke ido a kanta sau ɗaya, zan ji."

Tafiyar nan dabarar Inna ce. Hutun Ranar Jamhuriya, ƙarshen Oktoba, kwana uku a jirgin yawon shaƙatawa daga Kushadasi: tsibiran Girka biyu, Rodos da Santorini, a dawo gida Juma'a da safe. Wai don in huta. Sai da muka hau muka tarar da Koray a bakin lif da jakarsa, yana wani mamakin da ko Pelin ba ta yarda da shi ba. Ɗan ƙawar Inna ne, yana da shagon tabarau a bayan kasuwa, matarsa ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Wasunku sun rubuto min wai ina ja masa aji. Ba aji ba ne. Ina son mutumin nan. Tsoro ne kawai.

To ga abin da ya faru a Rodos. Zan faɗe shi yadda yake, har da wuraren da ba su yi min kyau ba.

Tun yammacin da muka shiga jirgi na je teburin da ake rubuta sunayen masu fita yawo. Na rubuta mu uku, ni da Inna da Pelin, a bas mai lamba bakwai, mai zuwa kufan Lindos. Na yi wa matar da ke teburin tambayoyi har ta fara murmushin gajiya. Akwai banɗaki a hanya? Kujerun suna da bel na ɗaurewa? Matakala nawa ne zuwa sama? Da zan tafi ta ce, "Kin yi daidai. Bas ɗinmu in ya makara, jirgi yana jira. Wanda ya fita da motar waje kuwa, shi da agogonsa."

Na ji wannan magana da kunnena. Kada wata ta tausaya min ta ce ba a gaya min ba.

Muna nan a teburin karin, Koray ya gyara murya.

"Na yi mana wani tsari. Akwai wani dattijo, Kawu Niyazi, Baturke ne haifaffen tsibirin nan, tsohon malamin tarihi, yana da lasisin jagora. Duk bazara in na zo shi ke yawo da ni. Motarsa, mu kaɗai. Ba mutum arba'in, ba mai ɗaga tuta tana ƙirga kawuna, ba tsayawar dole a shagon tukwane."

"Na riga na rubuta sunanmu a bas."

"Ana sokewa," in ji Inna da sauri. Saurin ya yi yawa. Nan na gane sun gama maganar tun jiya.

"Motar tana da kujerar yara?"

Suka kalli juna.

"Ai Pelin ba ta zuwa," Inna ta ce tana shafa man shanu a burodin da ta riga ta shafa wa. "Matakala ɗari uku? Ni da gwiwata ba ma hawa, ita kuma za ta ce a goya ta. Yau ana yi wa yara zane a fuska a bene na tara."

"Kyanwa!" Pelin ta yi tsalle. "Mama, kyanwa za a zana min!"

Muka koma ɗaki na rufe ƙofa.

"Inna, ba zan bar ta ba."

"Bar ta a ina? A daji? A hannun uwar da ta haife ki fa."

"Kin san abin da lauya ta ce."

"Lauya ta ce kada ki yi numfashi? Volkan yana can Izmir yana cin abincin matarsa, ke kina nan kina tsoron inuwarsa. Bawan Allah wata takwas yana zarya, ko sau ɗaya bai same ki ke kaɗai ba. Kullum da 'yar rakiya. Ta yaya zai buɗe baki? A gaban mai zuma a haɓa?"

"In da gaske yake, ya faɗa a gabanta."

"Nihal." Ta zauna a bakin gado, muryarta ta sauka. "Ba zan dawwama ba. Ina so in ga an tsaya miki kafin in tafi. Awa shida ne. Ko aiki kika je kina fin haka."

Kun san irin wannan maganar ta iyaye.

Ta buɗe jakata ta fiddo shuɗiyar rigar nan mai ƙananan fararen furanni, wadda na rantse ban saka a kaya ba. Ta haɗa min da farar suwaita mara nauyi. Na ce takalmin gudu zan sa saboda duwatsu, ta ce in ga dama in sa na sojoji, amma gashi sai na sake shi. Lasifika tana ta magana a saman kanmu, da Turkanci da wasu harsuna biyu, mu kuwa muna rigima a kan jan-baki. Daga ƙarshe ta kama hannuna ta kwance baƙin agogon roba da nake aiki da shi a kanti.

"Wannan na auna bugun jinin tsofaffi ne, ba na fita da namiji ba."

Ta jefa shi a aljihun tebur, ta zura min awarwaronta na azurfa.

Na durƙusa gaban Pelin na yi mata karatu. Ba a leƙa ƙarfen gefen jirgi. Ba a shiga lif ba tare da Kaka ba. Askirim ɗaya, ba biyu ba. Na sa mata kati mai lambata a aljihun wando, na nuna wa Inna maganin tari da cokalinsa, na nuna mata rigar sanyi mai ruwan ɗorawa.

"Mama, ki tafi mana," ta ce. "Za a cinye layin kyanwa."

Haka ta sallame ni.

Kawu Niyazi bai sa mana lokaci ba. Ya ce tun safe yana shagon kofi na bakin tasha, in mun sauko mu ɗaga hannu. Ɗan gajere ne, da farar hula da gashin baki kamar burushi, Turkancinsa irin na kakanni. Ya riƙe hannun Koray da hannu biyu, ya dube ni sama da ƙasa.

"Ita ce? Kai, ɗana, duk surutun da ka cika min kunne da shi bai kai rabi ba. 'Yata, me kika gani a jikin wannan mai sayar da gilashi?"

"Har yanzu ina dubawa, Kawu."

"Duba da kyau. In idon ya gaza, shi zai sayar miki da tabarau, ki ga ribarsa biyu."

Kafin ya tayar da mota ya juyo. "Jirginku ƙarfe nawa?"

"Biyar zai tashi," in ji Koray. "Huɗu da rabi kowa ya kasance a ciki."

"To uku da kwata mun bar Lindos. Awa ɗaya ce hanya. Har ku sha iska a bakin tasha."

Na lissafa a raina, na ga daidai. A hanya na duba waya don in tura wa Inna saƙo, na ga lokacin bai kai yadda nake zato ba. Na ji daɗi ma. Na ce ashe da wuri muka fito.

*Ta ci wani abu?* na rubuta.

*Ta ci. Ki rabu da mu.*

Sai hoto: hanci baƙi, gashin baki uku-uku a kumatu, tana nuna farata.

Ba zan yi muku ƙarya ba, jagoran nan ya iya aikinsa. Bai bi da mu ta inda jama'a ke bi ba. Ya ratsa da mu lungunan fararen gidaje, yana gaisawa da kowace tsohuwa da sunanta. A ƙasan matakala ya tsayar da mu gaban jirgin ruwan da aka sassaƙa a jikin dutse, ya sa na matsa kusa na ga inda matuƙi ke zama. In na gaji ya tsaya, in na yi tambaya ya amsa kamar ni kaɗai ce ɗalibarsa a duniya. Can sama, tsakanin ginshiƙai, iska ta ɗauke min gashi, teku ya kewaye mu ta ko'ina, shuɗi har ido ya gaji.

"Ni gwiwata ta ce a zauna," Kawu Niyazi ya ce, alhali yanzu ya gama tsere mana a matakala. "Ku je can ƙarshe ku gani. Kada ku yi sauri. Duwatsun nan sun fi shekara dubu biyu suna jira."

A can ƙarshen Koray ya fiddo gidan tabarau daga aljihu. Na ɗauka gilashin rana zai ba ni. Ya buɗe, zobe ne kwance a kan ɗan ƙyallen goge gilashi.

"Ban sami akwatin da ba zai tona min asiri ba," ya ce.

"Koray, ni ba ni kaɗai ba ce."

"Na sani. Na iya ƙirge zuwa biyu."

"Ba wasa nake ba. Pelin tana tashi da tari. Ba ta cin abin da ya taɓa tumatir. Ubanta zai riƙa zuwa ƙofarka duk bayan mako biyu da fuskarsa."

"Ƙaramin ɗakin da ke kallon bishiyar lemo, na kwashe kwalayen da ke ciki tun watan Yuni. Ban yi fenti ba. Na ce ita za ta zaɓi launi."

Na juya ina kallon teku don kada ya ga idona.

"Sai bayan Disamba," na ce.

"Na yarda. Ki gwada kawai, in ga ko na auna daidai."

Na gwada. Ya zauna cif. Ban cire ba.

Ga abin da na fi jin kunyar rubutawa: daga wannan lokacin har wajen awa biyu, ban tuna ni uwa ba ce. Shekara shida rabon da hakan ta same ni. Muka sauko, Kawu Niyazi ya kai mu wani gidan abinci a saman soro, aka kawo gasasshen kifi da zaitun da cuku da burodi mai zafi. Muna ci muka hango mutanen jirginmu a ƙasa, sun yi layi a lungu, wata mata a gaba ta ɗaga allo mai lamba bakwai tana ta ɗaga murya. Wayar Koray tana kan tebur, ƙarfe biyu saura.

"Ga bas ɗinki can," ya ce yana dariya. "Dubi yadda ake kora su tun yanzu. Shagon tukwane ya yi kira."

Na yi dariya ni ma. Allah ya sani na yi dariya.

An kawo kofi ke nan wayata ta yi ƙara. Inna ce.

"Kuna ina? Bas-bas duk sun dawo, ina ta leƙe ban gan ku ba."

"Yanzu za mu taso. Uku da minti goma ne fa, Inna."

"Uku ɗin wa? Huɗu da minti goma! Ga agogo nan a gabana, ƙato, a bango!"

"Kin duba da kyau? Sa tabaranki."

"Nihal, ni za ki koya wa agogo?"

Na nuna wa Koray fuskar wayata. Ya nuna min tasa. Uku da minti goma. Kawu Niyazi ya dubi agogon hannunsa, sai na ga kofin da ke ɗaya hannun ya tsaya a iska.

"Ɗana," ya ce a hankali, "jirgin nan naku, da agogon wa yake tafiya?"

"Ai ɗaya ne. Kullum in na zo ɗaya ne."

"Da bazara kake zuwa. Ranar Lahadin nan muka mayar da namu baya da awa ɗaya. Ku kun daina yin haka tuntuni." Ya ajiye kofin. "Jirgi daga Kushadasi ya taso. In bai canja ba, biyar ɗinsa huɗu ce a nan."

Bai canja ba. Wayoyinmu ne suka canja da kansu da suka kama layin Girka, ba su tambayi kowa ba. An rubuta gargaɗin a takardar da ake turowa ta ƙarƙashin ƙofa. Abin da lasifika ke faɗa ke nan da safe muna rigimar jan-baki. Agogon da zai gaya min gaskiya kuma yana kwance a aljihun tebur.

Minti hamsin ya rage. Hanya awa ɗaya ce, mota kuma tana can saman gari.

Ban san yadda na sauka daga soron nan ba. Na san dai na yi gudu a lungu ina ture mutane, na san Kawu Niyazi, mai shekara saba'in, yana bayana yana haki yana cewa, "Laifina ne, ni ya kamata in tambaya, laifina ne." A mota Koray ya juya katin jirgi ya kira lambar da ke baya. Na ji muryar mace, mai ladabi, mai sanyi.

"Da motar jirgi kuka fita?"

"A'a, amma akwai yarinya a ciki, uwarta tana nan tare da ni."

"Yarinyar tana da babba a tare da ita?"

"Kakarta."

"To zan sanar. Hukuncin na kyaftin ne."

Na fizge wayar. Na ce mata shekarunta shida. Na ce tana tari. Na ce akwai shari'a, na fara ba ta labarin Volkan, baƙuwar da ban taɓa gani ba. Ta bar ni na gama, ta ce ta fahimta, za ta sanar.

Sai dabara ta zo min. Na kira Inna.

"Ki sauko da ita. Ku bar kayan, ku sauko ku jira ni a ƙasa. In za a bar mu, a bar mu tare."

"Fasfo ɗinmu yana hannunsu!"

"Ki karɓa!"

Na ji tana gudu, na ji Pelin tana tambaya ina za su, na ji Inna tana yi wa wani magiya. Muryar namiji ta amsa. An rufe fita. Sauke fasinja da kaya sai an kira 'yan sandan iyaka, sai an buga hatimi, kuma yarinya ce ƙarama da sunan mahaifinta daban, ba uwa ba uba a wurin. Ba za su sauke ta ba.

"Ba ni shi in yi masa magana!"

"Ya tafi, Nihal. Ya tafi." Inna ta fashe da kuka. "Ni na ja. Ni na cire miki agogon."

Ban ce mata a'a ba. Ban iya ba.

Babu abin da ya kai zaman mota ciwo a irin wannan hali. Ƙafafuna suna ta danna ƙasan motar kamar ni ke tuƙi. Kawu Niyazi ya ba ta wuta iya ƙarfinta, tana karkarwa. Muka sami wata babbar motar siminti a hawa, ba wurin wucewa. Muka sami jar fitila uku a jere. A ta biyun na buɗe ƙofa zan fita da gudu, Koray ya riƙo suwaitata.

"Saura kilomita goma sha biyu, Nihal."

"Sake ni."

"Zan gyara. Wallahi zan gyara."

"Da me? Da tabarau?"

Ya sake ni. Na san na soke shi, kuma a lokacin ban damu ba.

Mun ji ƙahon jirgin tun muna bayan ganuwar tsohon gari. Dogo, sau ɗaya. Na yi tsalle daga motar kafin ta tsaya, na ratsa shingen tasha ina ɗaga kati, wani mai gadi yana bina. Da na fito fili sai na ga jirgin yana nan, ƙato, fari, ya rufe rabin sama. Na ce Alhamdulillahi da ƙarfi.

Sannan na ga ruwa tsakaninsa da bango. Bai fi faɗin titi ba. An janye tsani, an kwance igiyoyi.

Wani mutum mai rigar lemo ya tako da ambulan a hannu. Wakilin jirgin ne. Ya karanta sunayenmu da ƙyar, ya miƙo fasfo biyu.

"Sun jira minti goma," ya ce. Kawu Niyazi ne ke fassarawa.

"Ka ce ya dawo. Ga shi nan kusa. Ko ƙaramin kwalekwale, zan hau igiya, zan iya."

Mutumin ya girgiza kai. Ya ce Santorini ma kada in sa rai: lokacin baƙi ya wuce, ba jirgin ruwan da zai kai ni kafin su tashi, kuma in iska ta yi ƙarfi ba ma sa tsayawa a can. Abin da ya fi, in kwana, gobe da safe in hau jirgin Marmaris in tsallaka Turkiyya, in bi mota zuwa Kushadasi in tarye su Juma'a.

A saman jirgi mutane sun cika gefe suna kallonmu. Wasu sun ɗaga waya suna ɗauka. Wani ma ya yi tafi. Na bi su bene-bene da ido har na ga ɗigon ruwan ɗorawa. Inna ta sa mata rigar sanyin. Ta ɗaga ta sama, a jikin ƙarfen da na ce kada a leƙa.

Waya ta yi ƙara.

"Mama, ga ki can! Ina ganinki! Ki ce su tsaya."

"Ba za su tsaya ba, 'yar Mama. Ki ji, jibi da safe ina bakin tasha ina jiranki. Barci biyu ne kawai."

"Ki yi iyo."

"Ba zan iya ba."

"Kin iya! Na gan ki a tekun Didim!" Sai kukan ya ɓalle, irin mai haɗe da tari. Na ce a ba ta ruwa, na ce Inna ta sauke ta daga ƙarfen, na ce a ba ta cokali ɗaya na maganin, ina ta ba da umarni ga jirgin da ke ƙara ƙanƙancewa. Da ta ɗan lafa ta ja hanci ta ce, "Kada ki damu, Mama. Na gaya wa Baba."

Na zauna a kan kututturen ƙarfen da ake ɗaure igiya.

"Me kika gaya masa?"

"Da Kaka tana kuka da mutumin, na ɗauki wayarta. Na ce kin tafi yawo da Kawu Koray, jirgi zai tafi ba ke. Na ce ya zo ya tsayar da shi. Baba yana da ƙarfi."

"Kin kyauta," na ce mata. Me zan ce? Yarinya ta ji tsoro ta kira ubanta. "Kin kyauta, 'yar Mama."

Layin ya fara yankewa, ya mutu. Ban ko sauke wayar daga kunne ba saƙonni suka shigo, uku a jere.

*Ina 'yata?*

*Ke kina ina, kuma da wa za ki kwana?*

*Kada ki wahalar da kanki da amsa. Juma'a da safe ina Kushadasi, ni da lauyana. Ni zan sauko da ita.*

Koray yana tsaye nesa kaɗan, riƙe da fasfo ɗinmu, bai san ko ya matso ba. Kawu Niyazi ya cire hula ya ce matarsa ta gyara min ɗakin 'yarsu, zai kuma kai Koray masauki a can wani gefen gari, kuma shi da matarsa za su rubuta su sa hannu cewa haka aka yi, a kai wa kowane alƙali. Na gode masa. Na tura wa lauyata komai. Ta karanta, alamar ta nuna ta karanta. Sai bayan awa guda ta rubuto: *Kada ki amsa masa ko kalma ɗaya. Ki riga shi isa tashar.*

Yanzu safiyar Alhamis ce. Ina rubuta muku wannan a kan benci, a layin jirgin Marmaris, da rigar jiya a jikina. An ce iska ta tashi, ba a tabbatar zai fita ba. Koray ya je tambaya karo na huɗu. Volkan kuwa tafiyar awa ɗaya ce tsakaninsa da Kushadasi, a kan kwalta.

Ke da kike karantawa, ki ji ni da kyau. Ban ce jagoran waje mugu ba ne, na jiya ya fi kowa kirki, kuma kirkinsa bai tsayar da jirgi ba. In za ki fita da motar da ba ta jirgi ba, kafin ki taka tsani ki tsaya gaban agogon bangonsu ki saita na hannunki, ki daina yarda da waya. In kuma kina da ɗa, to duk inda ƙafarki za ta, hannunsa yana cikin naki. Ko uwarki ce ta ce ki bar shi, ko namijin da kike so ne yake jira a ƙasa, kada ki yarda ruwa ya shiga tsakaninku.